Yadda Doka Ta Kwance Bakin Masu Binciken Inshora a Amurka

Magabatanmu a wannan sana'a ta binciken da'awar inshora a ƙasar Amurka sun sha gaya mana cewa, a zamaninsu, tsoron kotu ya fi wayon mazambaci ɗaure musu hannu. Domin kuwa idan ma'aikaci ya ga alamar mutum ya cinna wa kantinsa wuta da gangan don ya karɓi diyya, ya kuma kai labari ga hukuma ko ga wani kamfani, sai mutumin ya garzaya gaban alƙali yana da'awar an yi masa ƙazafi ko an tona masa asiri. Saboda haka kowa ya kame bakinsa, maha'inci kuwa ya ci nan, ya koma can ya sake ci.

Tun a 1912 kamfanonin inshora suka soma haɗa kai wajen musayar bayanin motocin sata, amma al'amarin bai kai ga majalisun dokoki da ƙarfi ba sai a shekarun 1970, sa'ad da gobarar ganganci ta cinye unguwanni irin su Bronx a birnin New York, har ta bayyana cewa shirun kamfanoni yana jawo hasarar rayuka da dukiya. A 1976 jihar Ohio ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfani miƙa wa masu binciken gobara abin da ya sani, ta kuma kare shi daga ƙara a kan haka. Sauran jihohi suka bi sawu, daga baya aka faɗaɗa kariyar ta game wasu nau'o'in zamba. A 1992 aka haɗe hukumomin bincike biyu na kamfanoni suka zama hukuma guda mai suna NICB, inda bayanai ke taruwa.

Sai dai hikimar waɗannan dokoki tana cikin sharaɗinsu, wato kariya ta wanda ya yi magana da kyakkyawar niyya ce, amma wanda ya kai rahoto bisa ƙeta ko ƙarya, to, alhaki yana wuyansa. Abin da muke fara koya wa kowane sabon ma'aikaci ke nan: ya rarrabe zato da hujja, ya rubuta abin da ya tabbatar kaɗai, domin sunan mutum amana ne a hannunsa. Duk ƙasar da za ta ari wannan tsari, wajibi ne ta ɗauki kariyar tare da sharaɗinta, don kada maganin zamba ya zama ƙofar zalunci.