Mesar Idemili da Kan Gida Irin Namu

Jama'a, akwai gargaɗin da manyanmu na Anacha suka daɗe suna yi wa duk yaron da ya sauko daga mota daga Arewa: in ka ga mesa a Obosi ko Nkpor ko Ogidi, kada ka ɗaga mata sanda. Yara sukan yi dariya. To, maganar ba ta dariya ba ce, tana da tarihi.

A al'adar mutanen Idemili, mesa, wadda suke kira eke, ta abin bautarsu ce na kogin Idemili. Takan shiga ɗaki ta kwanta, ba mai taɓa ta, sai dai a lallaɓa a fitar da ita. Wanda ya kashe ta kuwa, sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum. Chinua Achebe, ɗan Ogidi, ya nuna rigimar da taɓa mesa ke jawowa a littafinsa Arrow of God na 1964. Haka mutanen Awka, a kan hanyarmu ta Inugu, ba sa kashe biri saboda Imoka, su kuma na Agulu ba sa taɓa kadojin tafkinsu.

Mu na Fatakwal ma muna da labari kusa da mu. A Boni, guza ce ake girmamawa, tana yawo cikin gari yadda ta ga dama, har 1867 da Sarki George Pepple, wanda ya karɓi Kiristanci, ya ba da umarni aka karkashe su. A lura, masu gari ne suka yanke wannan hukunci da kansu, ba baƙi ba. Su ma maharbanmu da suka sauka Elele a ƙarshen ƙarni na 19, giwayen da ke ɓarna a gonaki suka harba, da yardar masu ƙasa.

Kafin mu yi wa wani dariya, mu waiwayi gida. Maguzawa suna da abin da ake kira kan gida, wato dabbar da zuriya ba ta kashewa, ba ta kuma cin namanta: wasu maciji, wasu kada, wasu zaki. Baturen Amurka Joseph Greenberg ya tarar da wannan al'ada a ƙauyukan Kano, ya rubuta ta a littafinsa na 1946. A bori akwai Danko, wanda in ya hau mutum sai ya riƙa jan ciki kamar maciji, akwai kuma Kure. Labarin asalinmu ma da maciji ya fara: Sarki, na rijiyar Kusugu a Daura, mai hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya sare masa kai. Ga Gizo a tatsuniya, ga gardawa masu wasa da kura a kasuwa.

Musulunci ya raba mu da bautar halitta, alhamdu lillahi, ba kuma wanda ya ce mu koma. Amma shi ɗin ne ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci. Sara ɗaya na yaro mai ganganci na iya tashin unguwa, a rufe mana rumfuna, a ɓata zumuncin da kakanni suka gina.

Saboda haka iyayen gida, a riƙa gaya wa sababbin zuwa. In an ga mesa, a kira masu unguwa su ɗauke abarsu. Zaman lafiya, in ji Bahaushe, ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.