Kalmomin Turanci Da Za Ka Ci Karo Da Su A Fom Ɗin Tallafi Da Hasashen Damina

Duk manomin da ya taɓa zama a taron wani shiri na gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji ya san yadda ake jero Turanci, mutane na gyaɗa kai, a tashi kowa da tasa fahimtar. Matsalar ba ta tsaya a taro ba. Akwai wanda ya dangwala yatsa a takarda yana zaton kyauta ce, sai da kaka aka zo karɓar buhuna. Ga kalmomin da suka fi yawo da ma'anarsu a gona.

Kalmomin kuɗi da talauci

Grant: tallafi ne da ba a biya. Loan kuwa rance ne, za ka mayar, galibi da interest, wato kuɗin ruwa. Idan ka ga collateral, jingina ake nufi, kuma sau da yawa takardar gona ce ko ta gida. Subsidy rangwame ne: an biya maka wani kaso na kuɗin taki ko iri, kai ka cika sauran. Kafin ka sa hannu, ka tambaya ƙarara, wanne ne a cikin ukun nan?

Beneficiary: wanda sunansa ya shiga jerin masu cin gajiyar shirin. Smallholder: ƙaramin manomi mai 'yar gona. Vulnerable: mai rauni, wanda ƙaramar matsala kan durƙusar da shi, kamar gidan da mace ke riƙe da marayu.

Poverty line: ma'aunin talauci. Bankin Duniya ya ɗaga nasa daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana ga kowane mutum a shekarar 2025. Lean season kuma shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, a wajenmu daga Yuni zuwa Agusta.

Kalmomin yanayi

Weather yanayin yau da gobe ne, climate kuwa halin da wuri ya saba da shi tsawon shekaru masu yawa. Don haka climate change, sauyin yanayi, ba ruwan da ya yi jinkiri bana kaɗai ba ne, canjin da ke maimaituwa ne har ya ɓata lissafin da muka gada.

A hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, kalmomi uku za ka nema. Onset: ranar da ake sa ran damina za ta kankama. Cessation: lokacin ɗaukewar ruwa. Dry spell: tsaikon ruwa na kwanaki a cikin damina. Ruwan farko ba lallai shi ne onset ba, kuma nan ne mutane da dama ke asarar iri. Idan tazarar da ke tsakanin onset da cessation gajeriya ce, ka nemi iri mai nuna da wuri.

Drought shi ne fari, flood ambaliya, erosion zaizayar ƙasa, desertification kuma kwararowar hamada.

Adaptation da mitigation ana yawan haɗa su, amma sun bambanta. Adaptation shi ne canza dabara don ka zauna da sauyin, kamar haƙa ramukan tassa ko rabin wata su tare ruwa. Mitigation shi ne rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, misali daina ƙona karan gona. Resilience kuwa juriya ce, wato iya miƙewa bayan mummunar shekara.

Kalmomin ci gaba

Sustainable development: ci gaba mai ɗorewa, ka ci amfanin ƙasa yau ba tare da ka kashe wa 'ya'yanka ita ba. SDGs su ne muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, da burin cimma su nan da 2030. Na ɗaya kawar da talauci, na biyu kawar da yunwa, na 13 kuma yaƙi da sauyin yanayi.

Agroforestry: haɗa bishiyoyi da shuka a gona ɗaya. Wanda ya bar gawo a gonar gero ya daɗe yana yin sa, domin gawo na zubar da ganye da damina, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. FMNR kuma shi ne rainon tohon kututture maimakon sare shi, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980.

Idan an kawo maka takarda ba ka gane wata kalma ba, kada ka ji kunya. Ka ce a fassara maka a gaban shugaban ƙungiyarku ko malamin gona, sannan ka nemi kwafi ka ajiye. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah Ya ba mu damina mai albarka.