Dogara ga Allah a Ranar Gudu: Darasi daga Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, kusa da Mubi, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da kwalejinta ta horar da fastoci suke. Shugabanni da ɗalibai da iyalansu suka watse cikin daji, wasu suka haura duwatsu zuwa Kamaru, aka mai da ofishin ikkilisiyar zuwa Jos na ɗan lokaci. Wata shida kafin nan an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: mutanen da suka gudu a ranar, bangaskiyarsu ce ta gaza? Ra'ayina shi ne ba ta gaza ba, kuma wa'azin da ke sa mai bi ya zaci haka shi ya kamata a tuhuma.

Akwai wani salon wa'azi da ya yi kasuwa a majami'un biranenmu, mai cewa wanda ya dogara ga Allah harsashi ba ya huda shi, cuta ba ta kusantar ƙofarsa. Madogarar masu wannan ra'ayi ita ce Zabura ta 91, wadda wasu ke buɗewa su ajiye ƙarƙashin matashi kamar laya. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, a sura ta 4 ta Bisharar Matiyu, wannan zaburar ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu don ya sa shi ya diro daga ƙololuwar Haikali, Yesu kuwa ya ƙi, ya kira hakan gwada Allah. Ashe Littafi Mai Tsarki da kansa ya san ana iya ɗaukar alkawarin kariya a juya shi ya zama tarko.

Gudu ma ba baƙo ba ne a cikin Littafin. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri da dare suka tsere Masar don Hirudus. An zuro Bulus cikin kwando ta kan garun Dimashƙu. Yesu ya umarci almajiransa, in an tsananta musu a wani gari su koma wani. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma kafa masu tsaro a bakin ganuwa. Bahaushe ya taƙaita duk wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Matar da ta goya ɗa ta riƙe wani a hannu, ta kwana uku a kan dutse tana karanta zaburar da ta haddace tun a Zumuntar Mata, ƙafarta na gudu bakinta na addu'a, babu inda biyun suka saɓa.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda gudun bai yiwu ba, kuma ceton bai zo ba. A nan ne sura ta 3 ta Littafin Daniyel ta fi kowace amfani. Samari uku suna gaban tanderun Nebukadnezzar, suka shaida cewa Allahnsu yana da ikon fitar da su, sannan suka ƙara da cewa ko bai fitar da su ba, ba za su rusuna wa gunkin ba. Wannan ƙarin shi ne zuciyar batun. Sun raba ikon Allah da sakamakon da suke so, suka riƙe na farko ba tare da sun gindaya masa sharaɗin na biyu ba. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a Michika. A bidiyon da masu garkuwa suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna yana fatan komawa ga iyalinsa, amma in hakan bai samu ba ya bar wa Allah. Bayan 'yan makonni aka kashe shi. Mai wa'azin harsashi ba ya huda mai bi ba shi da abin faɗa wa matar wannan mutum, sai dai ya ce mijinta bangaskiyarsa ta yi kaɗan, wanda kuwa zalunci ne na biyu a kan na farko.

Za a ce wannan ai sallamawa ce aka shafa mata man tauhidi. Ƙorafin yana da nauyi, musamman ga EYN, wadda tun da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. Saurayin da aka ƙone gidan mahaifinsa yana da hurumin tambayar fasto ko dogara ga Allah na nufin a zauna a jira yanka, kuma ba kowane ɗan ikkilisiya ne amsar ta gamsar da shi ba. Sai dai a lura da abin da tsoro ke yi wa mutum in ya samu wuri: yana mai da kowane maƙwabci abin zargi, ya sa a ɗora laifin 'yan bindiga a kan Musulmin da shi ma gudun yake yi, alhali a Mubi da Gwoza Musulmi da yawa sun rasa rayukansu, wasu kuma sun ɓoye Kiristoci a ɗakunansu. Wanda ya yarda hukunci na hannun Allah ya samu dalilin ƙin wannan hanya ko da gabansa na faɗuwa. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, wani ma'aikacin EYN ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda aka zaunar da Kirista da Musulmi gida kusa da gida, suna noma gona ɗaya. Mai sallamawa ba ya gina irin wannan ƙauye.

Saura abu guda da masu wa'azi ke yawan tsallakewa da sauri. A Gatsamani, Yesu ya roƙi a ɗauke masa abin da ke tafe, cikin baƙin ciki da zufa, har sau uku, kuma ba a ɗauke ba. Marubutan Bishara suna iya ɓoye wannan, amma suka rubuta shi. Fasto da zai tsaya gaban zawarawan Michika ko iyayen Chibok da har yau wasu 'ya'yansu ba su dawo ba, daga wannan labarin ya kamata ya fara karatu kafin ya buɗe Zabura ta 91.