Bishop Crowther da tsarin da ya mutu tare da mai shi

1/ Jama'a, a shekarar 1864 aka naɗa Bayarabe bishop a Canterbury ta Ingila. Da ya rasu a 1891 sai aka maye gurbinsa da Bature, kuma an shafe kusan shekara 60 kafin wani ɗan Najeriya ya sake riƙe diyosis nasa na kansa a cocin Angilika. Me ya faru? Ku biyo zaren nan, musamman matasan da ke riƙe da shugabanci a coci.

2/ Labarin ya fara da Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan tun 1841. Manufarsa ƙafa uku ce kamar murhu: ikkilisiyar 'yan ƙasa ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta yi wa'azi da kanta. A ganinsa ɗan mishan kamar ungozoma ne. In an haihu lafiya sai ta koma gidanta, ba ta tafiya da jaririn.

3/ Ba a baki kawai ya tsaya ba fa. Ya rubuta takardun tsari a 1851 da 1861 da 1866: yadda masu bi za su riƙa tara kuɗi a asusunsu, su biya fastocinsu, su kafa majalisa, har a kai ga bishop ɗan ƙasa. An fara gwada tsarin a Saliyo a 1861.

4/ Mutumin da ya ɗora wa burinsa shi ne Samuel Ajayi Crowther. An kama shi bawa yana yaro a Osogun a 1821. Sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, aka sauke shi a Freetown. Yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay, ya zama limamin coci a 1843, kuma shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

5/ A 1857 ya buɗe aikin mishan na kogin Neja daga Onitsha, ma'aikatan kuwa 'yan Afirka ne, yawanci daga Saliyo. Aikin ya kai Lokoja da Bonny da Brass. Yana shiga fadar Etsu Nupe Masaba a Bida cikin mutunci, don ya iya zama da sarakunan Musulmi ba tare da cin fuska ba. Ranar 29 ga Yuni 1864 ya zama bishop.

6/ To ga inda gizo ke saƙa. Venn ya shawo kan manya a Landan, amma bai shawo kan Turawan da ke bakin aiki ba. Henry Townsend na Abeokuta ya fito fili ya ƙi yarda baƙin mutum ya shugabance shi. Maimakon a warware wannan, sai aka kauce masa: aka ba Crowther yankunan da ke wajen mulkin Ingila, Turawan ƙasar Yarabawa suka ci gaba da zama ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo.

7/ Ƙafa ta biyu ma ta gurguje. An ba shi sandar bishop, amma albashin ma'aikata daga Landan yake zuwa. Da aka samo wa mishan jirgin ruwa a 1878, har da sunan Henry Venn a jikinsa, Bature aka damƙa wa shi tare da harkar kuɗi. Kun san dai wanda ke riƙe da jaka, shi ake saurare.

8/ Venn ya rasu a 1873. Waɗanda suka biyo baya sun gaji ofis da takardu, amma zuciyarsu ba ta kan tsarin. Zamani ma ya juya: Turai ta shiga rabon Afirka, ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi.

9/ A 1890 wasu samarin 'yan mishan suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda burinsu shi ne su shiga ƙasar Hausa ta Lokoja. Suka ce aikin Neja ya ruɓe. A yi adalci, wasu zarge-zargen gaskiya ne: akwai ma'aikatan da suka yi laifi, horonsu bai isa ba, tashoshin suna nesa da juna, bishop kuma ya tsufa.

10/ Amma dubi yadda aka yi gyaran. A taron kwamitin kuɗi a Onitsha cikin Agusta 1890, aka dakatar da limamai 'yan Afirka a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson. Dattijon da ya kai shekara 80, samari sa'annin jikokinsa suka kunyata shi. Ya kamu da shanyewar jiki, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891.

11/ Abin mamaki, inda tsarin ya shiga jinin talakawa bai mutu ba. Cocin Bonny da maƙwabtansa, waɗanda suka saba tara kuɗinsu, suka tsaya da ƙafarsu a 1892 ƙarƙashin Dandeson, ba tare da kuɗin CMS ba. Robinson da Brooke kuwa duk sun rasu a Lokoja, 1891 da 1892, ba su kai Kano ba.

12/ Sai 1952 Alexander Akinyele ya zama bishop na Ibadan da cikakken iko. A 2014, shekara 150 da naɗin Crowther, Archbishop Justin Welby ya nemi gafara a Canterbury kan abin da aka yi masa.

13/ Don haka fasto, shugaban matasa, shugabar zumuntar mata: kafin a buga "manufarmu" a kalanda, a zauna da dattawan da ba su yarda ba, a ji ta bakinsu. A ba wanda aka naɗa ikon asusu tare da kujera. A horar da masu gado tun mai tsarin yana da rai. Venn ya yi rubutu mai kyau, waɗannan ukun ne suka ci shi.

14/ A cocinku fa, in shugaba ya tashi gobe, mutum nawa ne za su iya faɗin inda aka dosa? Ku amsa a ƙasa.