Guangzhou da Tarihin Cike Haƙori

Cike kogon haƙori da haɗin zaiba da azurfa ya girmi likitancin Turawa da ƙarnoni. Kundin magunguna na daular Tang ta ƙasar Sin, wanda Su Jing da abokan aikinsa suka kammala a shekarar 659, ya ambaci wani kwaɓin azurfa da ake gyara haƙori da shi. A 1505 Liu Wentai ya rubuta ma'auninsa: kashi 100 na zaiba, 45 na azurfa, 900 na kuza. Amma sanin abu daban, samunsa daban. Talakan da haƙori ya hana barci bai san wannan kwaɓi ba, abin da ya sani shi ne jiƙo da mai cire haƙori a bakin kasuwa. Ra'ayina shi ne, tun daga wancan zamani har yau, kuɗi da kasuwa ke zaɓa wa mutum abin da za a cike masa haƙori da shi, kuma babu garin da ya nuna haka kamar Guangzhou.

Daga 1757 zuwa 1842 wannan birni, da Turawa ke kira Kanton, shi ne kaɗai tashar da sarakunan Sin suka yarda jiragen Turawa su yi ciniki. Ta nan tiyatar zamani ta shiga ƙasar, lokacin da likita Peter Parker ya buɗe asibitin ido a 1835. A daidai wannan zamani likitocin Amurka na ta dambarwa kan abin da Sinawa suka daɗe da sani. 'Yan'uwan Crawcour sun kai cikon amalgam, wato haɗin zaiba da azurfa, Niyok a 1833, a 1845 kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ta tilasta wa membobinta rantsuwar ba za su taɓa shi ba. Cikon zinariya suka fi so, wanda sai mai hali. Ƙungiyar ce ta watse a 1856, amalgam kuwa ya zauna daram, domin shi ne abin da aljihun ma'aikaci ke iya ɗauka. Da likitan haƙori G. V. Black ya daidaita haɗinsa a 1895, sai ya zama cikon duniya.

Yau lamarin ya juya. Guangzhou na da makarantar likitancin haƙori ta Guanghua a Jami'ar Sun Yat-sen, tana karɓar baje kolin kayan haƙori duk shekara, maƙwabciyarta Foshan kuma ta yi suna wajen ƙera kujerun likitan haƙori da injinan yashe kogo. 'Yan kasuwarmu da ke sauka unguwar Xiaobei sun san yadda kwantena daga can ke yanka farashi a Kano. Ga shi kuma Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda Sin da Nijeriya suka rattaba wa hannu, ta sa ƙasashe sun amince a 2025 su daina amfani da amalgam nan da 2034, saboda kusan rabinsa zaiba ne, kuma zaibar na ƙarewa a ruwa da ƙasa.

Masu ja da wannan mataki suna da hujja mai ƙarfi. Amalgam na jure tauna a matauni, yakan fi daɗewa, bai cika damuwa da yawu ba. Farin ciko mai launin haƙori da zai maye gurbinsa kuwa sai an busar da wurin sarai, an haska shi da fitila ta musamman, aikin da ke wuya a asibitin da wuta ba ta zama. Ga tsada. Duk gaskiya ne, sai dai akwai hanya ta uku: simintin gilashi da masana Wilson da Kent suka fito da shi a farkon shekarun 1970, wanda ke manne wa haƙori da kansa yana sakin fulorayid. A Tanzaniya cikin shekarun 1980 aka gwada sa shi da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna. Bai kai amalgam ƙwari a babban kogo ba, amma yana ceton haƙorin yaro a ƙauye kafin a kai ga cirewa. Idan masana'antun da ke kewaye da Guangzhou suka sauko da farashin waɗannan kaya yadda suka sauko da na kujeru, 2034 za ta zo da sauƙi. In ba haka ba, mara hali zai koma hannun mai cire haƙori.