Ganado: Yadda Asibitin Mishan Ya Koma Hannun Nabaho

A shekarar 1901 ikkilisiyar Furesbiteriya ta Amurka ta aika Charles Bierkemper da matarsa zuwa Ganado, a arewa maso gabashin jihar Arizona, cikin ƙasar Nabaho. Mutanen da suka tarar ba su manta da 1864 ba, lokacin da sojoji suka tasa ƙeyar dubbansu a ƙafa zuwa Bosque Redondo, inda aka tsare su har yarjejeniyar 1868 ta ba su damar komawa gida. Baƙo farar fata mai ɗauke da littafi ba shi da dalilin tsammanin maraba a irin wannan wuri. Ɗan kasuwar garin, John Lorenzo Hubbell, shi ya ba su masauki. Daga nan aka gina majami'a da makaranta, sannan ƙaramin asibiti a 1911. Masu ba da labarin Ganado sun fi yaba wa ƙarfin halin waɗannan na farko. A ganina, dogaro ga Allah ya fi bayyana a 1974, shekarar da ikkilisiyar ta saki asibitin, domin barin abin da mutum ya gina ya fi kafa shi ciwo.

Girman wurin ya zo ne da Dakta Clarence Salsbury, wanda ya iso a 1927 bayan ya yi aikin likita a tsibirin Hainan na ƙasar Sin. Tarin fuka da amosanin ido sun addabi jama'a, kuma Nabaho suna ƙyamar ginin da aka mutu a cikinsa, don haka asibiti a wurinsu gidan mutuwa ne. Salsbury ya gane cewa ba zai sami marasa lafiya ba sai da yardar masu maganin gargajiya, ya kuwa neme ta. A 1930 aka buɗe asibitin Sage Memorial, tare da makarantar koyon jinya ta 'yan mata, wadda ita ce ta farko a Amurka da aka amince da ita don horar da 'yan asalin ƙasar. A zamanin da Turawa da yawa ke ganin 'yar Nabaho ba za ta iya karatun kimiyya ba, 'yan mata biyu na ƙabilar, Adele Slivers da Ruth Henderson, suka kammala a 1933. Kafin a rufe makarantar a farkon shekarun 1950, 'yan mata daga ƙabilu da dama sun bi sahunsu. Wannan makaranta ita ce hujjata mafi ƙarfi. Duk wanda ya koya wa 'yar gida riƙe ɗakin tiyata ya riga ya amince cewa wata rana za a yi aikin ba tare da shi ba, ko da bai faɗa da bakinsa ba.

Mai suka zai ce babu wani tawakkali a nan, tilas ce kawai. Yana da abin kafa hujja. A 1955 gwamnatin tarayya ta mayar da kula da lafiyar 'yan asalin ƙasar hannun hukumar lafiyarta, makarantun gwamnati suka yawaita, kuɗin mishan ya ja baya, sakandaren mishan ɗin Ganado ta rufe a 1970, kwalejin da ta gaje ta kuma ta rufe a 1986. Nabaho da kansu suna neman ikon tafiyar da al'amuransu. Amma tilas ba ta zaɓa wa mutum yadda zai tafi. Ana iya kulle ƙofa a kwashe kaya, ana iya miƙa wa gwamnati a huta. Ikkilisiyar ta damƙa asibitin ga wata gidauniyar lafiya da Nabaho ke shugabanta, shekara guda kafin dokar 1975 da ta ba ƙabilu damar karɓar ayyukan da gwamnati ke yi musu. Kamar mai riƙon ɗa ne da ya mayar da shi ga iyayensa bayan ya sha wahalar renonsa, ba tare da tabbacin yadda za su yi da shi ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga hanyar kauce mata ba. An taɓa kafa allo a Ganado mai cewa al'ada abokiyar gābar ci gaba ce, kuma makarantun kwana na wancan zamani, har da na mishan, sun raba yara da harshen iyayensu. Wannan laifi ne, asibiti kuma ba ya wanke shi. Sai dai allon nan alama ce ta ƙarancin dogaro ga Allah: wanda ya rubuta shi yana tsoron cewa bishara ba za ta rayu cikin harshe da ɗabi'un Nabaho ba sai an mayar da su Turawa tukuna. Daga cikin Ganado ɗin aka sami wadda ta ƙi wannan tunani. Faye Edgerton, da ta yi shekaru tana aiki a mishan ɗin, ta lura mutane ba sa fahimtar wa'azin da ake yi musu ta bakin tafinta, ta bar wurin ta shiga aikin fassara tare da Nabaho masu harshen. Sabon Alkawari ya fito da harshensu a 1956, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma a 1985, shekaru bayan rasuwarta. Asibitin Sage Memorial yana aiki har yau a Ganado, ƙarƙashin hukumar gudanarwa ta Nabaho, kuma a 2009 gwamnatin Amurka ta sanya makarantar jinyar cikin wuraren tarihi na ƙasa.