Daga Kano Zuwa Hartum: Jiya Da Yau

Jama'a, tsakanin filin jirgin saman Kano da na Hartum akwai kimanin mil 1,600. Kakanninmu da ƙafa suka san wannan nisa, domin ita ce hanyar Hajji. Wanda ke cin mil 15 kullum, ba hutu ba ciwo, sai ya haura kwana 100. Amma galibi shekaru suke yi, suna noma suna ƙwadago don neman guzuri. Waɗansu ma can suka zauna, kamar jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, wani Bature Coningham na jagora. Daga Masar suka taso ran 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, ana ya da zango a Fashir da Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu. Jirgin zamanin nan kuwa, mai mil 500 a awa, bai cika awa 4 ba ya isa.

To, amma sauri ba shi ne buɗe hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu, 2023, filin Hartum ya rufu, zumunta ta koma nesa kamar dā. Ashe zaman lafiya ke gajarta tafiya. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.